Malamai mata a tsangayar kimiyya da likitanci: ta ina gyaran zai fara?

Dakta Rabi:
Assalamu alaikum. A ajin likitanci da na kimiyyar halittu ɗalibai mata sun cika benci, amma da an hau zuwa kujerun farfesoshi da shugabannin sashe sai a ƙirga su da yatsu. An sha taro a kan haka, an sha jawabi. Tambayata ita ce: in shugaban tsangaya ya ce yau ya yarda zai gyara, wace takarda za a miƙa masa ya fara aiki da ita ranar Litinin?

Ni dai na tsaya a kan cewa da awo ake farawa. Abin da ya faru a jami'ar MIT ta Amurka shi ne hujjata. A 1993 Farfesa Nancy Hopkins, masaniyar kimiyyar halittu, ta nemi a ƙara mata wuri mai ƙafa murabba'i 200 domin tankunan kifin da take bincike da su, aka yi ta ja mata rai. Sai ta ɗauki tef ɗin awo ta bi ɗakunan gwaje-gwajen ginin ɗaya bayan ɗaya. Nata ya tashi ƙafa murabba'i 1,500, ƙananan malamai maza suna da kimanin 2,000, takwarorinta farfesoshi maza kuwa daga 3,000 zuwa 6,000. A 1994 manyan malamai mata 16 cikin 17 (biyu daga cikin 17 ɗin 'yan tsangayar injiniyanci ne) suka sa hannu a wasiƙa zuwa ga shugaban tsangayar kimiyya, Robert Birgeneau. A lokacin tsangayar tana da mata 15 masu kujerar dindindin, wato muƙamin koyarwa mai tabbas har zuwa ritaya, maza 194. Aka kafa kwamiti, ya tattara alƙaluman albashi da faɗin ɗakuna da kayan aiki da kyaututtuka da kujerun kwamitoci. Da rahoton ya fito a watan Maris na 1999, shugaban jami'ar Charles Vest ya amsa a rubuce cewa bambancin da ake kuka da shi gaskiya ne.

Abu ɗaya a rahoton ya fi tsaya min a rai. Ƙananan malamai mata sun ce su ba su ga matsala ba, ana kula da su. Manyan ne suka ce sai da suka yi nisa sannan suka ga ana ajiye su a gefe. Ke nan wanda ya je ya tambayi sabbin ɗauka kaɗai zai dawo da labarin cewa lafiya lau.

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam Dakta. Labarin yana da kyau, amma a can kowa da shugaban sashe yake ciniki a kan albashinsa da ɗakinsa. A jami'o'in gwamnati na Najeriya albashi a kan tsarin CONUASS yake, wato jadawalin albashin malaman jami'a na bai ɗaya. Mace da namiji in matakinsu ɗaya, kuɗinsu ɗaya ne har kwabo. Ƙa'idar ƙarin girma ma a rubuce take: shekara kaza, maƙala kaza. To me za a auna?

Hajiya Magajiya:
Malam, albashin mataki ɗaya ne, wannan gaskiya ne. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar ita ce shekara nawa mutum ya yi kafin ya kai matakin. Mutum biyu da aka ɗauka shekara ɗaya, ɗaya ya zama babban lakcara a shekara shida, ɗaya a shekara goma, in ka tara abin da suka karɓa har zuwa ritaya ba ɗaya ba ne, ga kuma fansho da ke bin albashin.

Ga takardar da Dakta Rabi take nema, kuma duk abin da za a cika ta da shi yana ofishin magatakarda da na bincike. Kowane malami layi ɗaya, a koma baya shekara goma. A rubuta ranar ɗauka da matakin da aka ɗauke shi, ranar da ya cancanci neman kowane ƙarin girma, ranar da ya nema, da ranar da aka ba shi. Waɗannan ranaku uku na ƙarshe kada a haɗe su, domin kowacce cuta daban take nunawa. In tazarar tana tsakanin cancanta da nema, to mutane ba su san sun isa ba, ko an ce musu su dakata. In tana tsakanin nema da samu, to a duba kwamiti da masu tantancewa na waje. Sai a ƙara awannin koyarwa a mako, yawan ɗaliban digiri na farko da yake duba wa aikin kammalawa, yawan na digiri na biyu da na uku, muƙaman hidima, da duk abin da aka samu ta hannun jami'a daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu: kuɗin halartar taro, gurbin ƙaro karatu, kuɗin bincike. Waɗannan sai jami'a ta miƙa suna ake samu, don haka a rubuta wa ya nema, wa aka miƙa, wa ya samu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga waɗanda ke nan kawai. Wadda ta gaji ta koma ma'aikatar lafiya ko ta bi miji wani gari ba ta cikin jerin, sai alƙaluman su yi kyau domin waɗanda suka jure ne kaɗai suka rage. Dole a saka waɗanda suka tafi, da matakin da suke kai lokacin da suka tafi.

Malam Sabo:
Na karɓi wannan Hajiya. Amma in awon ya nuna maƙalun matan sun fi kaɗan fa? Ai ba kwamiti ne ya hana su rubutu ba.

Farfesa Asabe:
Sau da yawa haka zai nuna, Malam Sabo, kuma bai kamata a ɓoye ba. Sai dai maƙala lokaci take ci, don haka a bi lokacin a ga inda ya tafi. Aikin jami'in jarrabawa, kula da ɗaliban aji, sakatariyar kwamiti, sauraren matsalolin ɗalibai mata, shirya taron sashe: duk wajibi ne, kuma makinsu a takardar ƙarin girma ɗan kaɗan ne in aka gwada da na maƙala. Linda Babcock da abokan aikinta sun nuna a 2017 cewa irin aikin da ba ya kai mutum gaba an fi roƙon mata su yi, kuma sun fi cewa to. Maganinsa ba a ce wa mace ta koyi cewa a'a ba ne, domin ƙaramar malama ba ta ce wa shugaban sashe a'a ta kwana lafiya. Karɓa-karɓa ake yi a rubuce: jami'in jarrabawa shekara biyu, sai na gaba a jeri, kuma wanda ke riƙe da shi a rage masa kwas ɗaya.

Ga misalin da ya fi kusa da mu likitoci. Sashen likitancin manya na jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya fara gyara a 1990, Linda Fried da abokanta suka wallafa sakamakon a 1996. Abubuwan da suka yi ba masu tsada ba ne. Babban taron ilimi na mako da aka daɗe ana yi ranar Asabar da safe aka mayar da shi Juma'a. Tarukan yamma da na ƙarshen mako aka dawo da su cikin lokacin aiki. Kowace shekara ana duba takardun kowace malama a ga ko ta isa ƙarin girma, ba a jira sai wani ya tuna da ita. Aka gyara albashin da aka samu a ƙasa. A cikin shekara biyar, mata masu muƙamin mataimakin farfesa suka tashi daga 4 zuwa 26. Matan nan suna cikin sashen tun da can, da aikinsu a hannu.

Duba takardun nan na shekara-shekara shi na fi so a kwaikwaya. Manyan malamai biyu su zauna da kowane malami, mace ko namiji, minti talatin, da ƙa'idar ƙarin girma a gabansu. A fita da takarda mai layi uku: abin da ya cika, abin da ya rage, da watan da zai nema.

Dakta Lawal:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. Ina so in ja hankali kan gyaran da ke komawa gyaran gangar Auzinawa. A Amurka sabon malami yana da kimanin shekara shida ya nuna aikinsa, ko a ba shi kujerar dindindin ko ya tafi. Jami'o'i da yawa suka ce duk wanda aka yi wa haihuwa, uwa ko uba, a ƙara masa shekara ɗaya. Da jin sa adalci ne. Heather Antecol da abokanta suka bi manyan sassan tattalin arziki 50, suka wallafa a 2018 cewa bayan wannan doka damar maza ta samun kujerar ta ƙaru, ta mata ta ragu. Dalilin a fili yake: uban da wata ke riƙe masa jariri ya yi amfani da shekarar ya ƙara maƙalu a manyan mujallu, uwar da ta haihu ta yi ta a jego da shayarwa, sannan aka ɗora su a sikeli ɗaya. Binciken a fannin tattalin arziki aka yi shi, amma yadda abin ke faruwa bai keɓanta da fanni ba.

Ummu Khalil:
Na gode da ka kawo wannan Dakta. Mu ba mu da wancan agogon na shekara shida, amma muna da namu guda biyu. Na farko iyakar shekarun haihuwa da ake sa wa guraben karatu da tallafin matasan masu bincike. Na biyu horon ƙwarewa. Likita ta gama digiri, ta yi shekarar horon asibiti, ta yi bautar ƙasa, ta ci jarrabawar share fage, sannan ta shiga horon zama ƙwararriya na shekara biyar ko shida ko fiye, da jarrabawar kashi na ɗaya da na biyu a kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Sai ta gama ake ɗaukarta lakcara mai daraja ta ɗaya. Shekarun nan su ne dai shekarun haihuwa. Kowane hutu yana ɗaga watannin zagayen da ba ta cika ba, in ya sa ta rasa zaman jarrabawa ɗaya, wata shida sun tafi.

Akwai waɗanda suka gyara ƙa'idar da kyau. Hukumar tallafin bincike ta Tarayyar Turai, ERC, tana ƙara wa uwa wata 18 a kan kowane ɗa wajen lissafin shekarun cancanta, uba kuma sai gwargwadon hutun da ya ɗauka da shaida. Wannan ya toshe ramin da Dakta Lawal ya nuna. Shirin CARTA na horar da masu digiri na uku a Afirka ya sa iyakar shekarun mata ta fi ta maza da shekara biyar, kuma yana ɗaukar nauyin mai reno in uwa mai shayarwa za ta zo bita da jaririnta.

Sai abin da ke faruwa bayan hutu, wanda ba a rubuta shi a ko'ina. In ba a naɗa wanda zai riƙe kwasa-kwasanta ba, ajiye mata su ake yi, ta dawo ta tarar da karatun zango guda da za ta dunƙule a mako huɗu, ga kwanan asibitin da ake cewa ta rama. Ya kamata tun cikin yana wata shida shugaban sashe ya rubuta wa zai ɗauki kowane kwas da kowane ɗalibi, a kuma rubuta cewa ba ramuwa. Hutun wata huɗu ba ya kai wata shidan da ake so a yi ana shayar da nono zalla, don haka asibitin koyarwa yana buƙatar ɗaki mai ƙofa da makulli da firji, da gidan reno da ke buɗe a lokutan da likita ke aiki. Wanda ke rufewa ƙarfe biyu na rana bai amfani mai kwanan asibiti da komai ba.

Farfesa Asabe:
Ƙari a kan maganar ƙanwata: babban asibitin Massachusetts na Amurka tun 1997 yake ba malamai mata masu renon ƙananan yara wani tallafi na shekara biyu mai suna Claflin, akasari don su ɗauki mataimakin bincike. Hikimar ita ce gwaji ba ya jiran mai jego. In ba wanda zai ci gaba da karɓar samfur da shigar da bayanai, aikin shekara biyu ya lalace. Albashin mataimaki ɗaya na wata goma sha biyu bai fi ƙarfin kuɗin binciken cikin gida na jami'a ba.

Malam Sabo:
Duk wannan na yarda da shi, domin gyaran tsari ne. Inda nake da ja shi ne zargin son kai wajen tantancewa. Wendy Williams da Stephen Ceci na jami'ar Cornell sun gwada malamai sama da 800 a 2015, suka samu an fi zaɓar mace ninki biyu a kan namiji in cancantarsu ɗaya. Me ya sa ba a ambatar wannan?

Dakta Rabi:
A ambace shi Malam, bincike ne na gaske. Amma a duba abin da aka ba masu zaɓen: bayanin 'yan takara da aka riga aka nuna duk fitattu ne, babu wurin shakka. Gwajin da Corinne Moss-Racusin da abokanta na jami'ar Yale suka yi a 2012 ɗalibi ne mai kyau amma ba fitacce ba. Takardar neman aiki ɗaya aka aika wa malaman kimiyya 127, rabi da sunan John, rabi da sunan Jennifer. Aka ba John maki mafi yawa a ƙwarewa, aka yanka masa albashin dala 30,238, ita kuma 26,508. Malamai mata ma haka suka yi, ba maza kaɗai ba. In aka haɗa biyun, abin da nake gani shi ne son kai yana shiga ne inda aka bar wa mai hukunci wurin cike giɓi da zato. A Suwidin ma, sai da Christine Wennerås da Agnes Wold suka je kotu kafin a ba su makin da hukumar binciken likitanci ta ba masu neman tallafi a 1995. Mata 52 da maza 62 suka nema, aka ba mata 4 da maza 16, kuma lissafinsu ya nuna sai mace ta ninka aikin namiji sau biyu da rabi kafin a ba ta makin ƙwarewa irin nasa.

Don haka a rage wurin zato. Kwamiti ya rubuta ma'auni da makin kowanne kafin a buɗe takardar kowa. Kowane mamba ya ba da makinsa shi kaɗai a rubuce kafin a fara magana, domin da babba ya yi magana sauran sun bi. Tambayoyin ganawa su zama iri ɗaya ga kowa, a hana tambayar aure da ciki da ko miji zai bari. Wasiƙun shaida kuma a karanta su da lura. Frances Trix da Carolyn Psenka sun duba sama da 300 da aka rubuta wa malaman likitanci, suka samu na mata sun fi gajarta, sun fi ɗauke da kalaman da ke sa shakka, ana yabon su da ƙwazo da koyarwa, maza kuma da bincikensu. Mai rubuta wa ɗalibarsa wasiƙa ya ambaci aikin da ta yi da sunansa da abin da ta gano. Haƙuri da ladabi halaye ne na gari, amma ba su ake ba wa maki ba.

Hajiya Magajiya:
Gargaɗi ɗaya a nan. Da an ce a gyara kwamiti sai a yi dokar dole kowane kwamiti ya sami mace. In tsangaya tana da farfesoshi mata uku da kwamitoci ashirin, an kashe binciken mutum uku ke nan. A zaɓi inda ake raba abu: ɗauka da ƙarin girma, kuɗin bincike, guraben karatu, rabon ɗakuna. A sa su a waɗannan, a cire su daga na walima da masauki.

Dakta Lawal:
Birtaniya ta ga irin wannan. Shirin Athena SWAN na daidaita damar mata da maza a jami'o'i ya fara a 2005, sashe yana tattara alƙalumansa da tsarin gyara a ba shi lambar tagulla ko azurfa ko zinariya. Bai yi ƙarfi a makarantun likitanci ba sai 2011, da Sally Davies, babbar jami'ar lafiya ta Ingila a lokacin, ta ce wanda ba shi da azurfa kada ya sa ran shiga jerin wasu manyan kuɗaɗen bincike na hukumar NIHR mai tallafa wa binciken lafiya. Nan da nan shugabanni suka farka. Amma cike takardun aiki ne na watanni, kuma akasari matan sashen aka jibga wa. A 2020 aka cire sharaɗin kuɗin. Darasin da na ɗauka: a ɗaura abin da kuɗi, amma ma'aikacin ofis ya tara alƙaluman, shugaban tsangaya ya sa hannu ya kare su a gaban majalisar jami'a.

Bita kuma ba a raina ta, ba a kuma dogara da ita. A jami'ar Wisconsin an raba sassa 92 gida biyu, rabi aka yi musu bitar awa biyu da rabi a kan dabarun kama kai daga zato. A sassan da aka yi wa, kason mata cikin sabbin ɗauka ya tashi daga 32 zuwa 47 cikin ɗari, sauran ba su motsa ba. Dabaru aka koyar ana gwadawa a wurin, ba wa'azi aka yi ba.

Ummu Khalil:
Ba mu taɓa cin zarafi ba, kuma takardar Hajiya ba za ta nuna shi ba. Rahoton manyan cibiyoyin kimiyya da injiniyanci da likitanci na Amurka na 2018 ya ce nau'in da ya fi yawa ba neman lalata ba ne, wulaƙanci ne da kalaman da ke nuna mace ba ta dace da wurin ba, kuma abin da ya fi nuna zai faru shi ne in mutane sun ga ana ƙyale mai yi. Shawararsu da ta fi dacewa da horon likitoci ita ce a raba ikon da ke hannun mutum ɗaya. In sa hannun malami ɗaya ne ke ba ki damar shiga jarrabawa, shi ke duba kundinki, shi zai rubuta miki wasiƙa, ba za ki kai ƙararsa ba. A sa masu dubawa biyu, a buɗe hanyar canza mai dubawa ba tare da sai an faɗi dalili ba, a kuma sami wurin kai ƙorafi da ba ya bi ta teburin shugaban sashe.

Malam Sabo:
Saura abu ɗaya Hajiya Magajiya. Sashen da mata biyu ne a ciki, in aka fitar da alƙaluma ai kowa ya san wa ake nufi.

Hajiya Magajiya:
Haka ne, kuma MIT ma sai da suka ɓoye bayanan kowane sashe, taƙaitaccen rahoto suka fitar. Cikakkiyar takardar mai sunaye mutum uku kaɗai za su gani: shugaban tsangaya, wakilin magatakarda, da farfesa ɗaya da malamai mata suka zaɓa da kansu. Abin da za a kai majalisa a haɗe sassa, na asibiti wuri ɗaya, na kimiyyar tushe wuri ɗaya, kuma duk rukunin da bai kai mutum biyar ba kada a buga adadinsa. In mutanen kaɗan ne kada a wahala da matsakaicin lissafi, mutum ɗaya zai karkatar da shi. A jera kowace malama da maza biyu ko uku da aka ɗauka lokaci ɗaya da ita a mataki ɗaya, a bi ranakunsu layi-layi. Dakta Rabi, in za ki kai wa shugaban tsangaya, ki nemi ya rubuta wa magatakarda wasiƙar neman bayanan da kansa, da ranar da za a kawo su, domin ofishin ba zai saki fayil ɗin ma'aikata da roƙon kwamiti ba.